Na Sa Wa Akwati Launi Shara-shara, Sai Rubutun Ciki Ya Dusashe

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina da wata matsala da ta hana ni sakat tun shekaranjiya, kuma na ga gara in kawo ta gabanku kafin in ɓata aikin mutane. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai sayar da atamfa da shadda da leshi, ya ba ni aikin shafin intanet na shagonsa. A saman shafin farko na shimfiɗa babban hoton atamfofi jere a kanta, sannan na ɗora farin akwati a tsakiya mai ɗauke da sunan shago da farashi da maɓallin yin oda. Alhajin ya ce yana son a riƙa hango zanen atamfar ta cikin akwatin, kamar yadda ake hango abu ta mayafi shara-shara. Sai na shiga CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, na ba akwatin farin bango da `background-color: white`, na ƙara masa `opacity: 0.6` don ya yi shara-shara. Atamfar ta fito kamar yadda yake so, amma rubutun da maɓallin su ma sun dusashe, har farashin ba ya karantuwa sosai. Na koma na ba rubutun `opacity: 1` da nufin dawo da shi, amma ko gezau bai yi ba. Ina na yi kuskure?

Injiniyan Gyaɗi-gyaɗi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kusan duk wanda ya koyi CSS ya taɓa faɗawa wannan rami. Ita `opacity` ba launin bango take taɓawa ba, akwatin dungurungum take ɗauka, da shi da 'ya'yan da ke cikinsa. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin, takan fara zana akwatin da rubutunsa da maɓallinsa su zama hoto guda, sannan ta rage wa hoton ƙarfi baki ɗaya. Shi ya sa 1 ɗin da ka ba rubutun bai yi komai ba, domin dama a kan 1 yake, uwarsa ce aka dusar. Da ka ba shi 0.5 ma, da lissafin ya zama 0.6 sau 0.5, wato 0.3, ka ga ragewa ɗa ke iya yi, ba ya iya ƙarawa.

Goge wancan layin gaba ɗaya, ka sa shara-sharar a cikin launin kansa: `background-color: rgba(255, 255, 255, 0.6)`. Lambobi ukun farko su ne ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255, ta huɗun kuma ita ce alfa, wato ma'aunin shara-shara, daga 0 (a gani sarai) zuwa 1 (a toshe). Bangon kaɗai zai yi shara-shara, rubutun ya tsaya da ƙarfinsa.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Yaya Injiniya. Na canja yanzun nan, maɓallin ya dawo da launinsa, rubutun ma ya yi baƙi. A kwamfutata komai ya yi daidai.

'Yar Gwale:
Ɗan Fagge, ina taya ka murna, amma kada ka yi saurin miƙa aikin. Ka ce a kwamfutarka komai ya yi daidai, to su wa za su buɗe shafin nan? Ba masu zama a ofis mai sanyi da labule ba ne. Dillaliya ce tsaye a layin Kwari da ƙarfe ɗaya na rana, riƙe da Itel ko Tecno wadda ta rage wa haske don kada caji ya ƙare, ko wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Damagaram da yake son ganin farashi kafin ya hau mota. Injiniya ya gyara maka lambar, amma a ganina 0.6 ɗin nan har yanzu tana da haɗari, saboda atamfa ba launi ɗaya gare ta ba. Wani wuri fari ne, wani wuri baƙi ƙirin, wani kuma rawaya da ja a cakuɗe, kuma rubutun naka yana ratsa dukkansu. Wane launi ka ba rubutun?

Ɗan Fagge:
Na ba shi `#333333`, Anti, wato baƙin da bai kai ƙirin ba.

Malamin Kabuga:
Tambayar Malama 'Yar Gwale ita ce ainihin maganar, kuma tunda an faɗi launin, bari mu yi lissafi a maimakon mu dogara da ido.

Launi mai alfa ba launi ne tsayayye ba. Abin da ido ke gani gauraye ne na launin sama da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ƙa'idar gaurayen mai sauƙi ce: a ninka launin sama da alfa, a ninka na ƙasa da abin da ya rage daga 1, sannan a haɗa. Wannan lissafi ya girmi intanet ɗin da muka sani, domin Thomas Porter da Tom Duff sun rubuta ƙa'idojin haɗa hotuna ta hanyar alfa tun 1984, lokacin suna aikin zanen kwamfuta na finafinai a Amurka. Burauzarmu ta yau a kan wannan tushe take tafiya.

To mu ɗauki wurin da atamfar ta fi duhu, mu ƙaddara baƙi ne, wato 0. Fari 255 sau 0.6 ya ba da 153, ƙasan kuma bai ƙara komai ba. Ke nan farin akwatin naka a wannan wuri ya koma toka, `#999999`. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a Disambar 2008, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 kuma ga manyan haruffa. Mafi girman bambanci shi ne baƙi a kan fari, 21 bisa 1. Rubutunka `#333333` a kan fari tas yana ba da kusan 12.6, amma a kan waccan tokar ya sauko zuwa kusan 4.4, ya gaza kai ma'auni da ɗan kaɗan. Idan ka ɗaga alfa zuwa 0.85, wuri mafi duhu zai zama 217, bambancin kuma ya kai kusan 9 bisa 1, alhali har yanzu ana ganin inuwar zanen atamfar.

Don cikar bayani, lokacin da kake amfani da `opacity` matsalar ta fi tsanani ne a wurin da hoton yake fari: rubutun kansa ya koma kusan 133, akwatin ya tsaya a 255, bambancin ya faɗi zuwa kusan 3.7. Shi ya sa ka kasa karanta farashin.

Injiniyan Gyaɗi-gyaɗi:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da lissafin, sai dai ina da ja a kan 0.85. Alhajin shara-shara ya ce yana so, kuma a 0.85 abin da zai gani ya fi kusa da farin yadi mai ɗan datti. Mai kaya yana da haƙƙi a kan kamannin shafinsa. Ni da ni ne, da na juya lamarin: in duhunta hoton, in sa farin rubutu. Ba sai an ƙara wani akwati ba ma, domin CSS ta yarda a jera shimfiɗu da yawa a bango ɗaya, wadda aka fara rubutawa ita ce a sama. Sai a rubuta `linear-gradient`, wato shimfiɗar da launinta ke sauyawa a hankali daga wannan zuwa wancan, amma mai farawa da ƙarewa da launi ɗaya, misali `rgba(0, 0, 0, 0.55)`, a sa waƙafi, sannan a kawo hoton. Launukan atamfa sukan ƙara kyau a ƙarƙashin duhu, ja ya ƙara nuna, shuɗi ya ƙara zurfi.

Malamin Kabuga:
Wannan hanya ce mai kyau, Injiniya, kuma 0.55 ɗin da ka zaɓa ta faɗa daidai, ko da gangan ko bisa dace. A nan wuri mafi haɗari shi ne inda hoton yake fari. Baƙi a 0.5 a kan fari yana ba da 128, farin rubutu a kansa bai kai 4 bisa 1 ba. Tokar da ta fi kowace haske wadda ta kai ma'auni idan aka haɗa ta da fari ita ce `#767676`, wato 118, kuma 0.55 tana ba da kusan 115. Duk wanda ya sauko ƙasa da 0.54 ya fita daga ma'auni a kan farin leshi.

Dattijon Sabon Gari:
Ina karanta ku ina murmushi. Mu da muka fara wannan sana'a a zamanin shagunan kafe, shara-shara wahala ce da ake tsara wa kwana guda. CSS ta farko, wadda ta zama ƙa'ida a Disambar 1996 bayan shawarar da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, kalmar `transparent` kawai ta tanada ga launin bango, ko dai a gani sarai ko a toshe, babu tsaka-tsaki. Idan kana son rabi da rabi, sai ka yanka ƙaramin hoton PNG mai alfa ka maimaita shi a bango, sannan burauzar Microsoft, Internet Explorer 6, ta nuna maka shi da wani launin toka, ka shiga neman dabara. Har Internet Explorer 8 ba ta san `rgba` ba, ba ta san `opacity` ba, sai wata hanyarta ta `filter` da ba wanda ke amfani da ita sai ita. Sai a 2011, da ta 9 ta fito, kuma kundin launukan CSS na mataki na 3 ya zama ƙa'ida a watan Yuni na shekarar, muka samu sauƙi. A lokacin mukan rubuta launi toshe a layin farko, mu rubuta `rgba` a layi na biyu, domin burauzar da ba ta gane na biyun ba ta tsallake shi ta riƙe na farko.

Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a ranar 15 ga Yuni 2022, don haka ba na ce ku koma wancan zamani ba. Amma akwai abu ɗaya da wahalar ta koya mana wanda matasa ke mantawa: me zai faru idan hoton bai sauko ba? Injiniya, a tsarinka rubutu fari ne. Idan netwok ya yi rauni a cikin kasuwa, ko data ta ƙare ana tsaka da buɗe shafi, abin da ke ƙarƙashin duhun naka farin shafi ne kawai. Ka tsira da kyar saboda 0.55, amma da wani ya sa 0.3, da farin rubutu ya zauna a kan toka mai haske. A koyaushe a sa `background-color` toshe a ƙarƙashin hoto, wanda ya yi kusa da launin da ya rinjaya a hoton. Launin bango shi ne shimfiɗa ta can ƙasa, hoto yana rufe shi idan ya zo, idan bai zo ba shi ke riƙe shafin.

Ɗan Fagge:
Baba, na gwada shawararka amma wani abu ya faru. Na rubuta `background-color: #1a2a4a` a sama, a ƙasansa na rubuta `background` da hoton. Da na cire hoton don gwaji, shuɗin bai fito ba sam.

Dattijon Sabon Gari:
Gajeren rubutun ne ya cinye shi, ɗana. Idan ka rubuta `background` kaɗai, duk abin da ba ka ambata a cikinsa ba yana komawa asalinsa, asalin launin bango kuwa `transparent` ne. Ko dai ka sauko da layin launin ƙasa da shi, ko ka yi amfani da `background-image` don hoton, ko ka sa launin a ƙarshen gajeren rubutun, domin a shimfiɗa ta ƙarshe kaɗai aka yarda a sa launi.

Wannan asali na `transparent` shi ne kuma ke sa mutane su ɗauka cewa ɗa yana gadon launin bangon uwarsa. Ba ya gado, ta cikinsa ake hango na uwar. Launin rubutu shi ne ake gada. Saboda haka duk inda ka sa launin bango, ka sa launin rubutu tare da shi, kada ka bar ɗaya ga sa'a.

Na Tarauni:
Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya ga waɗanda ke haɗa aikin manhajar waya da aikin shafi, irina. Yanzu ana iya rubuta alfa a cikin lambar heks, wato lambar launin nan mai farawa da `#`, a yi ta harafi takwas, biyun ƙarshe su ne alfa. `#ffffffcc` fari ne a 0.8, domin `cc` ita ce 204 cikin 255, `80` kuma ita ce 128, kusan rabi. Amma a Android alfa a farko take zuwa. Na taɓa kwafo `#80000000` daga wata manhaja da na yi, inda take nufin baƙi rabi-da-rabi, na liƙa ta a CSS, sai akwatin ya ɓace ɓat. Na shafe kusan awa guda ina zargin burauza, ashe a CSS lambar tana nufin ja mai duhu wanda alfarsa sifili ce. Tun daga ranar na koma sabon salon rubutu, `rgb(0 0 0 / 50%)`, wanda duk manyan burauzoji na yanzu ke ganewa, kuma ko bayan wata shida ka dawo za ka karanta shi ba tare da lissafi ba.

'Yar Gwale:
Ni har yanzu ban gamsu ba, kuma ku yi mini afuwa idan na zama mai taurin kai. Duk lissafin da Malam ya yi, ya yi shi ne a kan launi ɗaya shimfiɗaɗɗe, fari ko baƙi. Atamfa kuwa zane ce mai ganye da zobe da layuka, kuma ko bambancin haske ya kai ma'auni, layukan da ke ratsa bayan haruffa suna gajiyar da ido, musamman ga dattawa da masu raunin gani. Ku tuna kuma rubutun Hausa ne, inda ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ke bambanta kalma da kalma. Idan wani layin zane ya faɗo daidai kan ƙugiyar, mai karatu zai tsaya yana tantama. Ra'ayina shi ne sunan shago, mai manyan haruffa, ya hau kan hoto da duhun Injiniya, amma farashi da lambar waya da maɓalli su zauna a kan launi toshe wanda ba a hango komai ta cikinsa. Abin da ake biyan kuɗi a kansa ba wurin ado ba ne.

Injiniyan Gyaɗi-gyaɗi:
Hajiya, akwai maganin layukan. `backdrop-filter: blur(12px)` yana narkar da abin da ke bayan akwati, zanen ya koma hazo mai launi, irin gilashin tagar banɗaki. Sharaɗinsa shi ne launin bangon akwatin ya kasance mai alfa, in ba haka ba babu abin da za a gani.

'Yar Gwale:
Na san shi, Injiniya, kuma yana da kyau a waya mai tsada. Amma aiki ne mai nauyi, domin duk lokacin da aka ja shafi sai wayar ta sake lissafa hazon. A ƙaramin akwati guda ɗaya ba laifi. Na ga shafin da aka sa wa kowane katin kaya irin wannan hazo, a ƙaramar waya yana tafiya yana tsayawa kamar tsohuwar a-daidaita-sahu a kan titin Kurna. Idan hazon kawai ake so kuma hoton ba ya motsi, a narkar da wannan ɓangaren a cikin hoton tun kafin a ɗora shi, wayar ta huta.

Malamin Kabuga:
A wannan gaɓa ina bayan Malama. Ma'aunin 4.5 ƙasa ne da ba a so a sauka daga gare shi, ba shaidar cewa karatu ya yi daɗi ba ne.

Akwai kuma wani abin lura idan katunan suka hau kan juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya ga yadda marina ke tsoma yadi a baba, su ɗaga ya sha iska, su sake tsomawa, kowane tsomi yana ƙara masa duhu. Haka alfa take. Baƙi a 0.5 a kan wani baƙi a 0.5 yana ba da 0.75, na uku ya kai shi 0.875. Idan ka ga wani lungu na shafinka ya fi sauran duhu ba tare da dalili ba, ka duba ko shimfiɗu biyu ne suka haɗu. Irin wannan yakan faru da iyakar akwati ma, domin launin bango yana shiga har ƙarƙashin `border`, sai iyaka mai alfa ta gauraya da bangon akwatinta maimakon hoton da ke waje. `background-clip: padding-box` ke tsayar da bangon kafin iyakar.

Ɗan Fagge:
Malam, wannan ya tuna mini da wani abu. Lokacin da `opacity` take kan akwatin, jerin zaɓin nau'in kaya da ke buɗewa daga cikinsa yana shigewa ƙarƙashin hotunan da ke ƙasa, duk da na ba shi `z-index: 9999`, lambar da ke tsara wanda zai hau kan wani. Da na cire ta sai ya gyaru da kansa. Ko akwai alaƙa?

Injiniyan Gyaɗi-gyaɗi:
Akwai ƙwarai. Duk akwatin da `opacity` ɗinsa ta gaza 1, ko da 0.99 ce, yakan zama gida mai zaman kansa wajen jerin hawa. Lambar 9999 ɗinka a cikin gidan kaɗai take da iko, a waje kuwa matsayin uwar ake dubawa. Launi mai alfa ba ya jawo haka. Ba wai `opacity` ba ta da amfani ba ne, ita ce daidai idan kana son abu ya bayyana ko ya ɓace a hankali, ko ka dusar da katin kayan da ya ƙare gaba ɗayansa. Ka dai tuna cewa abin da ke kan 0 yana nan a wurinsa, yana cin fili, kuma ana iya danna shi ba a sani ba.

Dattijon Sabon Gari:
Tunda shago ne, wata rana Alhajin zai ce a buga masa jerin farashi ko rasit a takarda. Burauzoji ba sa buga launin bango da hotonsa sai an zaɓi hakan a akwatin firinta, don tattalin tawada. Farin rubutun da ya dogara da duhu a bayansa yakan fito a dusashe. Ana iya roƙon burauza da `print-color-adjust: exact`, amma ni na fi son a rubuta tsarin bugawa daban a cikin `@media print`, rubutu baƙi, bango fari.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Ga abin da na yi daren jiya: shuɗi mai duhu toshe a can ƙasa, hoton a kansa, duhun Yaya Injiniya a 0.55, sunan shago da farin rubutu babba. Farashi da maɓalli na sauko da su kan farin kati toshe kamar yadda Anti ta ce. Da safiyar nan na kai wa Alhajin, na fito da shi bakin layi cikin rana na miƙa masa wayar yaron shagonsa, ya karanta farashin shadda ba tare da ya kare fuskar wayar da hannu ba. Ya amince, sai dai ya ce yana son ƙasan hoton ya narke a hankali ya shige farin shafin. Na yi `linear-gradient` daga `transparent` zuwa fari, ya yi kyau a wayoyinmu, amma a wata tsohuwar iPhone ta ɗansa sai wata toka-toka ta fito a tsakiya kamar hayaƙi.

Na Tarauni:
Kalmar `transparent` a ƙa'ida baƙi ce mai alfa sifili, wato `rgba(0, 0, 0, 0)`. Tsofaffin Safari, wato burauzar iPhone, sukan bi ta cikin baƙin a hanyarsu ta zuwa fari, shi ne hayaƙin da ka gani a tsakiya. Rubuta `rgba(255, 255, 255, 0)` a madadinta, ya zama daga farin da ba a gani zuwa farin da ake gani. Haka kuma hoton tambarin shagon, idan kana son ya zauna a kan shuɗin ba tare da farin murabba'i a kewayensa ba, kada ka adana shi a JPEG, domin ba ta ɗaukar alfa. Yi amfani da PNG ko WebP, ko SVG idan zanen layi ne.

Ɗan Fagge:
Hayaƙin ya tafi, Yaya. Tambarin kuwa a JPEG aka turo mini shi ta WhatsApp, bari in kira mai zanen ya aiko da asalin fayil ɗin.